Wa Ya Ba Shi Izini, Wa Zai Karɓe? Tafiyar da Shigar Ma'aikata Cikin Ayyukan Girgije



  

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda babbar ma'aikata za ta tafiyar da shigar ma'aikatanta cikin ayyukan girgije. Na ji daɗi ƙwarai da na hango jami'an kula da ma'aikata a zauren nan, domin rabin maganata tasu ce, ko da yake an saba tura irin wannan batu ga 'yan kwamfuta kaɗai.

A da, saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata, tana ɗaki guda a ƙasan bene, da na'urar sanyaya ɗaki, da janareto, da maigadi a ƙofa. Wanda zai taɓa ta sai ya tako zuwa ginin. Yau imel ɗin ma'aikata yana Microsoft 365 ko Google Workspace, takardu suna OneDrive ko Google Drive, bayanan albashi da na abokan hulɗa suna zaune a kwamfutocin Amazon ko Microsoft da ake haya ta intanet. Wannan hayar ita ce girgijen. Kamfanin da ya ba ka haya ya ɗauki nauyin tsare gininsa da na'urorinsa, amma ya rubuta ƙarara cewa wanda zai shiga bayananka da abin da zai taɓa, wannan nauyinka ne. Maigadin ƙofa ba shi da ta cewa yanzu. Duk mai suna da kalmar sirri zai shiga, daga ɗakinsa ne ko daga wata nahiya.

To, wa ya ba shi izinin? Izinin me da me? Ranar da ya bar aikin, wa zai karɓe? A kan waɗannan tambayoyi zan gina maganata, cikin batutuwa shida.

Na farko: rajista ɗaya, ƙofa ɗaya.

A babbar ma'aikata za ka tarar da manhajoji barkatai: ta albashi, ta sayen kaya, ta taron bidiyo, ta adana takardu. In kowace tana da nata jerin sunaye da kalmomin sirri, to babu mahaluƙin da zai iya gaya maka inda Malam wane yake iya shiga. Maganin wannan an daɗe da samo shi. Ana ajiye rajistar ma'aikata guda ɗaya, a irin su Microsoft Entra ID ko Okta, sai a ɗaure duk sauran manhajoji a jikinta. Ma'aikaci ya shiga sau ɗaya, rajistar ta shaide shi ga sauran. Ƙa'idojin da ke yin wannan aiki tsofaffi ne: SAML 2.0 ta fito a 2005, OpenID Connect a 2014. Don haka idan ɗan kasuwa ya kawo muku sabuwar manhaja, tambayar farko kafin ta farashi ita ce: tana shiga ta ƙofarmu? In ya ce a'a, a yi masa godiya a sallame shi.

Ita kuma rajistar, daga ofishin kula da ma'aikata ya kamata ta riƙa shan ruwa. Wanda ba ya cikin littafinsu, ba shi da asusu.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe: mai shigowa, mai canjin wuri, da mai fita.

Mai shigowa ba ya ba mu wahala. Shi da kansa zai yi ta sintiri har sai an buɗe masa imel, ogansa ma zai buga waya. Mai fita fa? Wa zai yi sintiri don a rufe asusunsa? Babu. Ba shi da abin da zai ƙaru da shi, wanda ya gaje shi ma an buɗe masa nasa. Sai asusun ya zauna a buɗe, shekara da shekaru.

Ku dubi takardar kiliyarans da muke bai wa mai ritaya ko mai murabus. Akwai gurbin sa hannun sito, ya mayar da kwamfuta. Akwai na akanta, ba a bin sa bashi. Akwai na laburare, akwai na mai kula da motoci, akwai na gidan ma'aikata. A takardu nawa ne kuka ga gurbin da ke cewa an rufe asusunsa na girgije, ga rana, ga sa'a, ga wanda ya rufe? Mun karɓe kwamfutar, amma wayar da ke aljihunsa tana buɗe duk abin da kwamfutar ke buɗewa.

Kada a ɗauka wannan sakaci na ƙananan ma'aikatu ne. A watan Afrilun 2018 wani injiniya ya yi murabus daga kamfanin Cisco na Amurka. A watan Satumba, wata biyar bayan tafiyarsa, ya shiga rumbun kamfanin da ke girgijen Amazon, ya goge na'urorin aiki 456 da manhajar WebEx Teams ta dogara a kansu. Asusun abokan hulɗa fiye da 16,000 suka tsaya, wasu har mako biyu. Kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan 1.4 wajen gyara, ya mayar wa abokan hulɗa fiye da dala miliyan 1. Kotu ta ɗaure mutumin shekara 2. An hukunta shi, haka ne. Amma ta yaya wanda ya bar aiki wata biyar da suka wuce ya tarar da hanya?

A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, wanda bututunsa ke ɗauke da kusan kashi 45 cikin 100 na man da ake sha a gabashin Amurka, ya rufe bututun na kwanaki, gidajen mai suka cika da layi, ya kuma biya masu kutse kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. Ta ina suka shiga? Ta wani tsohon asusun shiga daga nesa, wanda aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, ba shi da kariya sai kalmar sirri. Shugaban kamfanin da bakinsa ya faɗa wa majalisar dattawan Amurka cewa kalmar sirri kaɗai ke tsaron hanyar.

Shi kansa Microsoft, mai sayar da girgijen, bai tsira ba. A watan Janairun 2024 ya sanar cewa tun ƙarshen Nuwamban 2023 masu kutse, waɗanda ya danganta da hukumar leƙen asirin Rasha, suka shiga ta wani tsohon asusun gwaji da aka manta da shi, daga nan suka kai ga imel ɗin manyan shugabannin kamfanin.

Mu a Nijeriya mun san wannan cuta a wani fannin. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin albashi. Asusun da mai shi ya tafi shi ne ma'aikacin bogi na girgije: suna yana nan, mutum babu, wani kuma yana iya cin moriyarsa. Har kuɗi ma yana ci, tunda lasisin Microsoft 365 da makamantansa bisa kan mutum ake biya.

Sai mai canjin wuri, wanda a ganina ya fi mai fita wuyar sha'ani, domin ba wanda ke kallonsa a matsayin matsala. An ɗauki Hajiya a sashen sayen kaya, aka ba ta izinin shigar da sunan ɗan kwangila. Bayan shekara uku aka mayar da ita sashen kuɗi, aka ƙara mata izinin amincewa da biya. Na farkon ba a cire ba. Yanzu mutum ɗaya zai iya ƙirƙirar ɗan kwangila ya kuma biya shi. Hajiya mai amana ce, ba ta ma san tana da wannan iko ba. Amma ɓarawon da ya sace kalmar sirrinta zai bincika ya sani. A aikin gwamnati, inda ake juya ma'aikata daga sashe zuwa sashe kowace 'yan shekaru, wanda ya shekara ashirin yana iya tara izinin sassa biyar ko shida. Ƙa'idar a nan ita ce: takardar canjin wuri ta riƙa soke tsohon izini kafin ta ba da sabo, kuma na'ura ce za ta yi hakan da zarar ofishin kula da ma'aikata ya shigar da canjin. Akwai ƙa'idar SCIM 2.0 da aka fitar a 2015 don wannan aiki. In aka bar shi ga tunawar mutum, wata rana mutumin zai tafi hutu.

Na uku: kowa a ba shi gwargwadon aikinsa.

Wannan ƙa'ida ta girmi girgijen da kansa. Jerome Saltzer da Michael Schroeder na jami'ar MIT sun rubuta ta a 1975: kowane mutum da kowace manhaja su yi aiki da mafi ƙarancin izinin da zai ishe su. A aikace, ana ɗaura izini ga muƙami. A rubuta abin da akanta ke buƙata, abin da mai binciken kuɗi ke buƙata, abin da sakatare ke buƙata. Wanda ya hau kujerar ya samu, wanda ya sauka ya bari. Abin da ya kamata a guje wa shi ne wannan umarni da 'yan kwamfuta suka saba ji: "A ba shi irin na wane." Wane ɗin nan fa shekara goma sha biyar yake tara nasa.

A 2019 aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada daga bankin Capital One. An shiga ta wata katangar tsaro da ba a saita daidai ba, amma abin da ya girmama ɓarnar shi ne izinin da aka ba wannan na'ura ya zarce aikinta nesa ba kusa ba, har tana iya buɗe rumbunan ajiyar bayanai. Hukumar da ke sa ido kan bankunan Amurka ta ci bankin tarar dala miliyan 80 a 2020. A watan Yulin 2020 kuma wasu samari suka yaudari ma'aikatan Twitter ta waya, suka karɓe asusun mutane irin su Barack Obama da Elon Musk. Binciken hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ya gano cewa ma'aikata fiye da 1,000 ne ke da damar taɓa kayan aikin cikin gida da ake sarrafa asusun jama'a da su. Mutum dubu! Ɗaya kawai ɓarawo ke nema a ciki.

Yanzu, ranku ya daɗe, ku ba ni dama in faɗi wata magana ga shugabanninmu da ke kujerun gaba. Sau da yawa oga yana ganin girmansa ya wajabta a ba shi cikakken iko a kan kowace manhaja, yaron da ke sashen kwamfuta kuma ba zai iya ce masa a'a ba. Na taɓa shiga ofishin wani babba a wata ma'aikata. Kalmar sirrinsa tana rubuce a 'yar takarda mai gam, an liƙa ta a ƙasan allon rubutun kwamfuta. Sakatarensa ne ke buɗe masa imel, mataimakinsa na musamman ma ya haddace ta, shi kuma asusun yana da ikon buɗe takardun kowane sashe. Idan an aika umarnin biyan kuɗi daga wannan asusu, wa ya aika? Ko kotu ba za ta iya rarrabewa ba. Alhali akwai halattacciyar hanya: Microsoft da Google duk suna ba da damar wakilci, sakatare ya shiga da nasa sunan ya karanta wasiƙun oga, rajista ta nuna shi ne. Shugaba shi ne wanda masu kutse suka fi nema, sunansa yana jarida, muƙaminsa sananne ne. Rage masa iko a na'ura kare shi ne, ba raini ba ne.

Su ma 'yan kwamfuta ban ƙyale su ba. Asusun da ke da cikakken iko ba na karanta imel da yawon intanet ba ne. Ya zama daban, a hannun mutane ƙalilan, kuma ikon ya zama na aro: a nema idan aiki ya taso, wani ya amince, bayan 'yan sa'o'i ya faɗi da kansa.

Na huɗu: kalmar sirri ita kaɗai ba ta tsaron komai yanzu.

A 2024 kamfanin bincike na Mandiant ya ce kimanin ma'aikatu 165 masu ajiya a girgijen Snowflake ne kutse ya iya shafa, kuma an ambaci Ticketmaster da AT&T cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Ba fasa Snowflake aka yi ba. Kalmomin sirri aka sace daga kwamfutocin da suka kamu da manhajar sata, wasu tun 2020, ba a canza su ba, ba kuma mataki na biyu na tantancewa. A shekarar dai, kamfanin Change Healthcare na Amurka ya biya fansar dala miliyan 22, bayanan mutum kusan miliyan 190 suka fita, ta ƙofa ɗaya da ba ta da mataki na biyu.

Don haka mataki na biyu wajibi ne a kan kowa, ba togiya. Sai dai matakan ba ɗaya suke ba. Lambar da ake turowa ta saƙon tes ita ce mafi rauni. Mu da muke jin labarin yadda ake sauya wa mutum layin waya a kwashe masa kuɗin banki ba sai an yi mana dogon bayani ba. Saƙon da ke fitowa a waya yana neman ka danna amincewa ya fi shi, amma shi ma an san lagonsa. A watan Satumban 2022 mai kutse ya samu kalmar sirrin wani ɗan kwangilar Uber, ya yi ta turo masa neman amincewa ba ƙaƙƙautawa, har mutumin ya gaji ya danna. Mafi ƙarfi shi ne ɗan mabuɗin tsaro da ake soka wa kwamfuta, irin YubiKey, ko makamancinsa da ke cikin waya, domin ba ya aiki a shafin bogi ko da mai shi ya ruɗu. Google ya bayyana a 2018 cewa tun da ya wajabta shi ga ma'aikatansa fiye da 85,000 a farkon 2017, ba a tabbatar da sace asusun ko ɗaya ba. In kuɗi ba su isa a saya wa kowa ba, a fara da masu cikakken iko, da sashen kuɗi, da shugabanni.

Wani ɗan tsokaci: al'adar tilasta canza kalmar sirri duk wata uku, hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a bar ta tun 2017, sai in akwai alamar an sace. Dalili kuwa, mutane ƙara lamba ɗaya kawai suke yi a ƙarshe.

Na biyar: waɗanda ba sa cikin littafin albashi.

Ɗan bautar ƙasa da zai yi shekara guda, ɗalibi mai neman sanin makamar aiki na wata shida, ɗan kwangilar da ya zo kafa manhaja, mai binciken kuɗi daga waje. Kowannensu a buɗe masa asusu da sunansa, da sunan ma'aikacin da ya tsaya masa, da ranar rufewa tun ranar buɗewa. A daina asusun tarayya, wanda 'yan bautar ƙasa ke gadar kalmar sirrinsa rukuni bayan rukuni. Akwai kuma asusun da ba na mutane ba, waɗanda manhajoji ke amfani da su tsakaninsu. Su ba sa ritaya, ba sa zuwa kiliyarans, don haka kowanne ya zama yana da mai shi a rubuce.

Teburin taimako ma ƙofa ce. A watan Satumban 2023 kamfanin otal-otal na MGM Resorts ya yi asarar kimanin dala miliyan 100, rahotanni kuma suka nuna cewa kiran waya aka yi wa masu taimakon ma'aikata da sunan wani ma'aikaci. Yaron da ke teburin nan yana buƙatar rubutacciyar doka da za ta ba shi ƙarfin cewa, "Ranka ya daɗe, sai na tantance," ko wane ne a kan layi.

Na shida: bita, da rajistar shige da fice, da doka.

Duk wata uku ko shida, kowane shugaban sashe ya karɓi jerin mutanensa da izinin kowa, ya duba, ya sa hannu. Shi ne ya san wanda ya tafi karatu, wanda aka dakatar, wanda ya rasu. Ɗan kwamfuta bai san wannan ba. Na san abin da ke faruwa: jerin ya yi tsawo, sai a danna amincewa da duka a wuce. Maganinsa a taƙaita jerin, a rubuta shi da harshen da shugaban zai gane, a sa a sama asusun da suka yi kwana 90 ba a taɓa ba da masu iko mai yawa. A kuma kunna rajistar shige da fice, a sa mai duba ta. Asusun da ya shiga daga Kaduna da ƙarfe tara, ya sake shiga daga wata nahiya da tara da rabi, ya kamata ya tayar da wani daga kujera.

Doka ma ta iso. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da ke iya cutar da masu bayanan. Ga manyan masu riƙe da bayanai, tara tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ma'aikatar da ba ta san wanda ke da izinin me ba, me za ta rubuta wa hukuma cikin kwana uku?

Akwai gefe ɗaya da ba na so a fita daga zauren nan ba a ji shi ba. Idan neman izinin buɗe takarda ɗaya yana ɗaukar mako biyu da sa hannun mutum huɗu, ma'aikaci ba zai zauna jira ba, aiki na kansa. Zai ce abokinsa ya turo masa ta WhatsApp, ko ya ajiye ta a Gmail ɗinsa na gida. Daga nan bayanan marasa lafiya, ko na ɗalibai, ko na 'yan fansho, sun fita daga hannunku gaba ɗaya, kuma ranar da ya bar aiki da su zai tafi. Don haka a auna sashen kwamfuta da abu biyu tare: saurin rufe asusun wanda ya tafi, da saurin buɗe wa wanda ya cancanta. Izinin yau da kullum ya fito cikin yini guda, da amincewar shugaban sashe kaɗai.

Ga aikin da nake roƙon ku yi in kun koma ofis, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Jami'in kula da ma'aikata ya fito da jerin duk wanda ya bar aiki cikin shekara biyu da suka wuce. Jami'in kwamfuta ya fito da jerin asusun da ke buɗe. Su zauna a tebur ɗaya su gwada jerin biyu, su kai wa shugaba sakamakon a rubuce.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata.  Ina maraba da tambayoyi da gyara, musamman daga jami'an kula da ma'aikata da masu zama a teburin taimako, domin su ke fama da abin a kullum.